Gudumar Icen Zaitun

Talata, 9 ga Satumba, da hantsi

Baƙin lokacin zafi sun watse, Alhamdulillahi. Na share yashin da suka kwaso mana daga ɗakin baƙi har bayana ya riƙe. Mutum ya baro gidansa mai fanka, ya haye teku don kawai ya kwanta a rana ya ƙone, ya tafi yana godiya. Ni dai Wasila har yau ban gane ba.

Saura mutum ɗaya. Wata Lalla Salwa daga Tunis, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ta sauka jiya daga jirgin ruwan Safakis da madubin hangen nesa rataye a wuya. Ta ce ita ba wankan teku kaɗai ya kawo ta tsibirin Ƙarƙana ba, tsuntsayen basharush take son gani, da kunkurun teku in da rabo. Na ce mata jajayen tsuntsayen nan tun ina yarinya suke tsaye da ƙafa ɗaya a fadamar gishiri, ba inda za su, ta ci abinci tukuna. Tana son mijina Shadli ya riƙa fita da ita a kwalekwale. Kafin in buɗe baki ya ce to.

Da safe ya zuba shayi, rabi a kofi rabi a faranti. Na sa tsumma na goge ina ƙorafin tsadar tumatir. Shi ma ya kama maganar tumatir.

Lafiya lau muke.

Laraba, 10 ga Satumba, bayan la'asar

Munji ƙanen Shadli ya kawo kaya na farko na rassan dabino. Farkon wata mai zuwa za a kafa sharfiya: a feƙe gindin rassa, a kakkafa su cikin lakar teku layi-layi, su koro kifi zuwa kwanduna in ruwa ya janye. Wannan yanki na teku na ubansu ne, kamar yadda gonar ɓaure take ta ubana. Kafin tsohon ya rasu ya faɗa a gaban kowa, babba ne zai riƙe ta muddin yana iya tsayawa cikin ruwa ya saita layi da hasumiyar masallaci da dogon dabinon bakin gaɓa. Ran da ya kasa, ya miƙa wa ƙanensa guduma. Gudumar icen zaitun ce ta buga turakun sharfiya, tana rataye bayan ƙofarmu tun aurenmu.

Munji ya ce, "Yaya, bana in ka ga dama Nizar ya tsaya maka a gaba, ka ɗan huta."

"In huta? Ka tarar da ni a kwance ne? Wannan ɗan naka da ko igiya bai iya ƙullawa ba sai latsa waya?"

Munji ya yi dariya, ya dube ni. Ni kuwa na dubi kaji.

Mu Allah bai ba mu namiji ba, Hanan ce kaɗai, tana gidan mijinta a Safakis. Munji yana da ƙarti biyu. In aka karɓi sharfiya daga hannun Shadli, ban san me zai tashi ya yi da safe ba. Wallahi ban sani ba.

Abin da likitan Safakis ya faɗa cikin azumi, mu biyu muka ji. A jirgin dawowa ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, har Hanan. Ko a nan ba zan rubuta ba. Na dai san hasumiya ta ɓace masa tun kafin babbar salla.

Juma'a, 12 ga Satumba, da yamma

Mun fita da baƙuwa. Mu, har da ni. Ni ɗiyar manomi da ko warin man jirgi ke juya min ciki.

Na ce zan riƙa bin su ina dafa mata shayi. Ina zama a gaban kwalekwale da ɗan murhun gawayi, na ba Shadli baya, idona a ruwa. Inda ya yi duhu akwai zurfi, inda ya yi fari tudu ne. Cokali sau ɗaya a bakin kofi, dama. Sau biyu, hagu. In na yi tari ya rage inji. Ba wai mun zauna mun shirya kamar mutanen kirki ba ne. Jiya ina wanke-wanke na faɗa, kamar da kwanoni nake. Ya ce, "Wa ya tambaye ki?" Amma yau da na kaɗa cokali sai na ji kwalekwale ya karkata.

Lalla Salwa ta ce ba ta taɓa ganin mace mai juya shayi da ƙarfi irina ba. Na ce haka muke yi a nan.

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan azahar

Mun kai ta kusa da fadamar gishiri. Basharush sun cika wurin, ja-ja har iyakar gani, kawunansu cikin ruwa suna tonon laka. Baiwar Allah sai da ta yi ƙwalla. Ta ce mijinta ya yi ta cewa zai kawo ta, har ya rasu bai kawo ta ba. Na tausaya mata, gaskiya.

Sai ta cire madubin daga wuyanta ta miƙa wa Shadli. "Si Shadli, duba, don Allah duba wancan da ya buɗe fikafikai!"

Ya laluba ya karɓa. Ya ɗora a fuska ya juya inda ya ji kukansu, amma iska ce ta karkato da kukan. Wani ruɓaɓɓen kwalekwale da aka yasar yake kallo. Ya ce, "Masha Allah, bana sun yi yawa."

Na ga za ta juya ta bi inda ya nufa. Na ɗora yatsana a jikin butar shayi mai zafi na ƙwala ihu. Ta taso da salati tana neman man shafawa a jakarta, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Yatsan ya tashi ya yi ruwa, da shi nake rubutu yanzu.

Talata, 16 ga Satumba, da rana

Iska. Ba mu fita ba. Ya wuni a tsakar gida yana feƙe rassa, wannan aikin kam hannu ne ke yin sa.

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan la'asar

Mabruka matar Munji ta shigo da busasshen ɓaure, ta zauna ba a ce ta zauna ba, halinta ne.

"Wasila, yaushe kika zama 'yar teku? Ke da ko a jirgin Safakis sai an riƙe miki leda?"

Na ce, "To in bar mijina da baƙuwa su biyu a tsakiyar ruwa?"

"Waccan tsohuwar mai hular kaba? Tabɗi! Kishi da furfura!" Ta yi dariya har tana dukan cinya, ni ma na taya ta.

Sai ta daina dariya. Ta ce ran Juma'a Shadli ya wuce Munji a ƙofar masallaci, kafaɗa da kafaɗa, bai ce masa uffan ba. Munji ya koma gida ya ƙi cin abinci. Na ce ai ta san halinsa in tunani ya sha kansa. Ta kama wuyan hannuna ta ce, "'Yar'uwa, in akwai wani abu..."

Na fizge hannuna na ce babu, kuma kowa ya ji da abin da ke cikin gidansa. Ta tashi ta fita ba sallama. Matar da ta zauna a kaina ranar da na haifi Hanan. Na ji kunyar kaina, amma rantsuwa na yi.

Asabar, 20 ga Satumba, da hantsi

Lalla Salwa tana bakin gaɓa, ta yi tafiya mai nisa cikin ruwa amma har yanzu iyakarsa gwiwa, tana ɗaga min hannu. Ta ce nan aljanna ce, mu ne ba mu sani ba. Na ce Allah ya sa.

Hanan ta kira. Ta ce yaya Baba? Na ce yana feƙe rassa. Lafiya lau muke.

Litinin, 22 ga Satumba, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Yau ruwa na janyewa da yawa, jinjirin wata ne. Da na san ciwon kaina da na ce kada mu fita. Amma baƙuwa ta kusa tafiya ba ta ga kunkuru ba, Shadli kuma ya ce ya san inda suke kiwo a cikin ciyawar ruwa, can bayan wurin sharfiyarmu.

Iska ta yi ta kashe min gawayi, sai na juya na tare ta da bayana. Ke nan ina fuskantar Shadli, abin da ban taɓa yi ba. Ana haka Lalla Salwa ta yi kururuwa, "Ga shi! Ga shi nan!" Kunkuru ne ƙato, ya ɗago kai ya shaƙi iska ya kalle mu. Ni ma na shagala. Da na waiwaya sai na ga farin tudu ya taso mana gab da gab, zurfi kuma yana ta hannun damana. Na kaɗa cokali sau ɗaya. Damana. Na manta na juya, damana yanzu hagunsa ne.

Ya karkata inda na ce. Muka hau laka da ƙarfi, buta ta kife, inji ya mutu. Kafin mu yi wani abu ruwa ya zare daga ƙarƙashinmu.

Kuma duk faɗin tekun nan, sai ga Nizar da ƙanensa a kusa suna kai turaku. Suka tako cikin laka. Nizar tun daga nesa yake dariya, "Baffa! Kai da kanka a kan tudu? Yau sai an yi shela a kasuwa!"

Shadli ya ce, "Rufe min baki, kama igiya." Ya wurga igiyar. Ta faɗi can gefe, inda babu kowa. Nizar yana tsaye kusa da shi ta ɗaya ɓangaren, da zai miƙa hannu da ya taɓa shi.

Dariyar ta ɗauke. Yaron ya dubi igiya, ya dubi baffansa, ya dube ni. Na ce ni ce na miƙe tsaye na tare masa gaba. Ya ce, "Haka ne, Inna," ya zagaya ya ɗauko igiyar. Suka tura, suka ja, kwalekwale ko motsi. Suka ce sai ruwa ya dawo, suka tafi.

Muka zauna cikin rana har la'asar. Lalla Salwa ta cire takalmi tana yawo a kan tudu tana bin ƙaguwa, ta ce wannan ce ranar da ta fi kowace daɗi a tafiyarta. Sai da ta yi nisa Shadli ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Sau ɗaya kika kaɗa."

Na ce na sani.

Talata, 23 ga Satumba, da hantsi

Bai yi min magana ba.

Laraba, 24 ga Satumba, da hantsi

Haka. Munji ma bai zo ba, ba wanda ya zo. Shirun ya fi zagi ciwo.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan la'asar

Na kasa haƙuri. Yana zaune yana shafa wa guduma man zaitun na ce, "Ka kira Munji ka gaya masa. Ɗan'uwanka ne, ciki ɗaya."

"In gaya masa me? In koma ƙofar shago cikin tsofaffi, ina jiran 'ya'yan ƙanena su aiko min da kifin sadaka a leda?"

"Ranar kafi ba na cikin ruwa, Shadli. Mata muna gaɓa wajen tukunya. Wa zai kaɗa maka cokali?"

"Ƙafata ta san lakar nan tun kafin ki san hanyar rijiya."

Na ce, "Ƙafarka ba ta ganin hasumiya!"

Shi ke nan, ta fita daga bakina. Ya ajiye guduma a hankali ya miƙe zai fita, ya yi karo da bokitin da ni na bari a hanya. Ruwa ya malale. Ya taka ruwan ya laluba ƙofa ya fita. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na shige kicin na yi kuka har na gode wa Allah, na ce albasa ce, ba kuwa wanda ya tambaye ni.

Lahadi, 28 ga Satumba, da rana

Lalla Salwa ta tafi. A bakin ƙofa ta rungume ni, ta cire madubin ta rataya wa Shadli a wuya. Ta ce, "Si Shadli, kai ka fi dacewa da shi. Ni a Tunis me zan kalla, tagar maƙwabta? Kullum ka ga tsuntsayen nan ka tuna da ni."

Ya yi godiya sosai, har da sa hannu a ƙirji. Mota na tashi ya cire ya miƙo min ya ce in sa a inda ba zai yi tuntuɓe da shi ba. Mako uku matar nan tana zaune gwiwa da gwiwa da shi, tana hango tsuntsu daga ƙarshen duniya, ba ta ga komai ba. Ban san ko in ji haushinta ko in sa mata albarka ba.

Laraba, 1 ga Oktoba, da yamma

Munji ya zo. Asabar ce ranar kafi. Ya ce, "Yaya, kai muke jira ka sa reshen farko." Bai ƙara maganar hutu ba, bai yi maganar tudu ba. Shadli ya ce in sha Allahu. Da Munji zai fita ya tsaya ya matsar da kujerar da ke kan hanya, ya jingina ta da bango.

Wataƙila Nizar bai faɗa ba. Wataƙila.

Juma'a, 3 ga Oktoba, da hantsi

Na jiƙa wake, na tankaɗe kuskus. Abinci ya ƙi shiga.

Asabar, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

An yi.

Maza sun shiga ruwa da sassafe, dangi da maƙwabta, kwalekwale cike da rassa. Mu muna gaɓa ƙarƙashin rumfa. Mabruka ta ajiye tukunyarta kusa da tawa, ta miƙo min gishiri ba ta dube ni ba. Na ɗauko madubin Lalla Salwa a cikin kwandon kwanoni, na ce tsuntsaye zan kalla.

Na hango Shadli, ruwa iya ƙirji. Ya taka, ya tsaya, ya juya fuska wajen gari kamar mai duban hasumiya, ya daɗe a haka. Ya yi bismilla ya buga turke, ya kafa reshen farko. Ya yi gaba yana nuna musu da hannu, suna bin sa suna kafawa. Na ji an ɗauki kabbara. Na ce Allah na gode maka, ashe ƙafar tasa ta sani.

Da azahar suka fito aka ci kuskus da kifi. Kowa na cewa hannun Si Shadli daban ne. Ya ci da yawa, har ya tsokani Nizar a kan waya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin azumi.

Bayan an ci, Nizar ya ce su matasa za su koma su ɗaure kwanduna, manya su huta. Munji ya zauna kusa da yayansa ya kama labarin wata shekara da ubansu ya faɗa ruwa da sabuwar hula. Da ƙarfi yake magana, Munjin da sai ka matsa kake jin sa. Ya gama wannan ya kamo wani.

Na ɗora madubin. Da ban ɗora ba.

Ba kwanduna suke ɗaurewa ba. Cire rassan suke yi ɗaya bayan ɗaya, tun daga reshen farko. Nizar yana tsaye a gaba ya rufe ido ɗaya yana saita hasumiya, saura na bin sa suna sake kafawa. Sai a lokacin na ga yadda layin safe ya karkace, ya nufi inda ko kifi ɗaya ba zai bi ba. Maƙwabtan nan da suka yi kabbara, duk sun gani tun da safe. Ƙanen Nizar ke buga turke, ya tuɓe rigarsa ya naɗe kan gudumarsa da ita don kada ta yi ƙara.

Na sauke madubin. Mabruka na kallona, ta girgiza kai a hankali, idonta jawur.

Shadli ya ce, "Wasila, me kike gani?"

Na ce tsuntsaye.

"Layin fa?"

Na ce, "Ya miƙe." A lokacin ba ƙarya na yi ba.

Munji ya sake kamo labari. Shadli ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Muka kasa kunne, iska ta kwanta, sai ga shi yana zuwa ta saman ruwa, ƙasa-ƙasa: dum, dum, dum.

Ya ce, "Munji, tun yaushe ake ɗaure kwando da guduma?"

Munji ya sunkuyar da kai. "Yaya..."

"Ka ce wa yaron ya kwance tsumman nan, a banza yake wahalar da kansa." Ya laluba gefensa ya ɗauko gudumar icen zaitun, ya shafa kanta da tafin hannu, ya miƙa. Ya miƙa ta ɗan gefe kaɗan. Munji ya matso da gwiwa har inda take, ya karɓa da hannu biyu, yana kuka kamar yaro.

Shadli ya ce, "Tashi ka kai musu, ruwa zai dawo."

Lahadi, 5 ga Oktoba, da hantsi

Ƙusar bayan ƙofa babu komai a jikinta. Nizar ya kawo kifin farko da kansa, a kwando, ba a leda ba. Ya durƙusa ya gaishe da baffansa. Shadli ya taɓa kifin ya ce ba laifi.

Da yaron ya tafi na kawo shayi. Ya ɗauki buta kamar kullum, ni kuma na riga na riƙe tsumma, maganar tumatir na bakina. Sai ya tsaya. Ya miƙo min butar.

Ya ce, "Karɓi ki zuba, Wasila. Ba na gani."

Na karɓa. Ni ma na zuba, rabi a kofi rabi a faranti.